NA JE ILE-IFE, NA GA FUSKOKIN TAGULLA

Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilimi, kuma gani ya kori ji. A wannan fitowa ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, ko da yake in kun yi haƙuri za ku tsinci ɗan ɓurɓushinta a gaba. Labari ne na wata tafiya da na yi zuwa Ile-Ife ta Jihar Osun, can ƙasar Yarabawa, garin da aka haƙo waɗansu kawunan tagulla da suka sa masanan duniya riƙe baki, har wasunsu suka kafe a kan wai ba baƙar fata ne ya ƙera su ba.

Dalilin tafiyar kuwa shi ne yayata da ke aure a can ce ta sauka lafiya, aka ce ni da gwaggonmu mu je suna. Mijinta fataucin goro yake yi, suna zaune a unguwar Sabo, inda Hausawa suka daɗe da kafa zango, ga masallaci, ga masu tsire, ga masu shayi, har ki manta ba a gida kike ba sai kin ji ana gaisawa da Yarabanci.

MUN YADA ZANGO A BIDA

Daga Kano muka bi ta Zariya da Kaduna, muka karya ta Suleja, yamma lis muka shiga Bida, inda muka kwana gidan wata ƙawar Gwaggo. Da safe kafin mota ta cika, matar gidan ta ce ba za mu wuce ba sai mun leƙa Tswata Mukun, unguwar maƙeran tagulla. Tun daga nesa kike jin ƙarar guduma, kwal-kwal-kwal, kamar ana kiɗan ƙwarya. Mutum na zaune a ƙasa, ya danne faranti da yatsun ƙafa, yana bin sa da 'yar ƙusa da guduma, sai ki ga fure yana fitowa, ganye yana fitowa, babu fensir babu takarda. Ga tasoshi, ga butoci, ga kwanonin goro masu murfi. Gwaggo ta ɗauki wata tasa ta jujjuya, ta ce, "Irin wannan aka jera wa kakarku, goma sha biyu reras, kowace sai kin ga fuskarki a ciki." A 2021 hukumar UNESCO ta sanya Bida cikin jerin biranen duniya da suka yi fice a sana'ar hannu, kuma wanda ya tsaya a wannan unguwa ko na minti goma ne ba zai yi musu ba.

Daga nan sai Mokwa, sai gadar Jebba a kan kogin Kwara. Ki riƙe sunan wannan wuri, 'yar'uwa, domin za mu dawo kansa. Muka ratsa Ilori da Offa da Osogbo, ƙasa tana ƙara ja, itatuwa suna ƙara tsawo da duhu, gonakin koko da na goro dama da hagu. Da muka shiga Ife, abin da ya fara tarbarmu a wani babban shatale-tale shi ne wani ƙaton kai mai kambin sarauta da aka kafa a tsakiya. Na tambayi mijin yayata ko wane ne wannan.

Ya yi dariya ya ce, "Ke da kullum hancinki ke cikin littafi ba ki san shi ba? Ori Olokun ke nan. Bari a gama suna, in sa a kai ki ki ga na ainihi, ko kya bar mu mu huta da tambaya."

GIDAN TARIHI KUSA DA FADA

Kwana biyu bayan suna ya cika alkawari. Ya haɗa ni da wani dattijo maƙwabcinsu, Bayarabe, tsohon malamin makaranta wanda ya yi shekaru a Fagge, Hausa a bakinsa kamar jakin Kano. Muka tafi ni da shi da 'yar autarsa. Gidan tarihin yana jikin fadar Ooni, wato sarkin Ife, a wurin da ake kira Enuwa. An buɗe shi a 1954, zamanin Ooni Adesoji Aderemi wanda ya yi sarauta daga 1930 zuwa 1980, kuma shi ne ya tsaya tsayin daka wajen tattara kayan tarihin garin wuri guda.

To, 'yar'uwa, ni dai abin da na saba gani a hotunan sassaƙe-sassaƙen Afirka shi ne ƙaton ido, ƙaton baki, abin ban tsoro. Waɗannan kuwa, ke dai bari. Fuska ce ta mutum sak, girmanta kamar na kan mutum, ga laushin kumatu, ga tudun leɓe, ga 'yar ninkewar fatar wuya irin ta wanda ya ci ya ƙoshi. Kunnen ma kaɗai abin kallo ne, duk wani lungu da ke cikin kunnenki yana nan. Babu mai dariya a cikinsu, babu mai fushi, natsuwa ce kawai irin ta mai mulki da ke sauraron ƙara. Da dama daga cikinsu an ja musu layuka sirara tun daga goshi har haɓa, ɗaya kusa da ɗaya, babu wanda ya hau kan wani. Duk wadda ta taɓa zama a yi mata zanen lalle ta san wuyar jan layi goma a jere hannu bai karkace ba, balle ɗaruruwa a kan fuska mai tudu da kwari.

Na lura da ƙananan huji a jere a gefen gashi, wasu kuma kewaye da baki da haɓa. Na ce, "Baba, waɗannan fa?"

Ya ce, "'Yata, na saman nan ake ɗaura kambin sarauta. Na bakin kuwa, masana da yawa na ganin wurin rataya duwatsun ado ne da ke rufe baki, domin sarkin Yarabawa ba a kallon bakinsa a fili."

Mutanen da suka yi su don al'adunsu na sarauta da na bauta suka yi su. Mu kuwa namu kallo ne na ilimi, da mamakin basirar da Allah ya hore wa ɗan'adam.

YADDA AKA GANO SU

A farkon 1938 wasu leburori suna haƙa harsashin gini a gidan Wunmonije, bayan fada kaɗan, sai diga ta ci karo da ƙarfe. Kafin a gama, abubuwa 18 aka fitar, akasarinsu kawuna. Nan da nan labari ya bazu, masu kuɗi suka miƙo hannu. Wani Bature ɗan jarida ya sayi ɗaya mai kambi, wanda tun 1939 yake gidan tarihi na British Museum a Landan. Tsawonsa santimita 35, nauyinsa ya ɗan haura kilo 5. Wani masani Ba'amurke, William Bascom, ya tafi da biyu, sai a 1950 aka dawo da su. Wannan rububi yana cikin abin da ya sa gwamnatin lokacin ta fara kafa dokar hana fitar da kayan tarihi daga Nijeriya.

Amma tun kafin haka, a 1910, wani Bajamushe mai suna Leo Frobenius ya zo Ife ya ga kan Olokun. Ya biya kuɗi ya karɓe, sai jami'in mulkin Ingilishi ya tilasta masa ya mayar. Abin takaicin shi ne abin da ya je ya rubuta. Kyawun aikin ya gigita shi, amma zuciyarsa ta ƙi yarda cewa kakannin mutanen da ya tarar a garin ne suka yi shi. Sai ya ce wai ragowar wata tsohuwar daula ce da ta nutse a teku, Atlantis, kuma wai fuskar ubangijin teku ce ta Girkawa. Kin ji fa! A ga abu a gidanka, a haƙo shi a bayan ɗakinka, fuskar da ke jiki irin taka ce, amma a ce na baƙo ne. Daga baya binciken kimiyya ya tabbatar a nan Ife aka yi su, tsakanin ƙarni na 12 da na 15, tun kafin Turawan Fotugal su fara sauka gaɓar tekunmu a ƙarshen ƙarni na 15.

SIRRIN KAKIN ZUMA

Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne yaya ake yi ƙarfe mai tauri ya zama fuska mai laushi haka. Na ɗauka sassaƙa shi ake yi kamar turmi. Baba ya zaunar da mu a inuwa ya warware mana, ashe zubi ne, kuma duk sirrin yana cikin kakin zuma.

Da farko maƙeri zai gina siffar kai da yumɓu, ba tare da wani ado ba, ya bari ta bushe. Sai ya lulluɓe ta da kakin zuma, shimfiɗa ɗaya siririya, domin kaurin kakin nan shi ne zai zama kaurin tagullar. A jikin kakin ne ake yin aikin gaske: ido, hanci, leɓe, kunne, da layukan nan da na faɗa miki, duk da ɗan tsinke ake fitar da su. Idan ya gamsu, sai ya liƙa waɗansu sandunan kaki a jiki, waɗanda za su zama hanyar da ƙarfe zai bi ya shiga, iska kuma ta fita. Ya soka 'yan ƙusoshin ƙarfe su ratsa kakin su kama yumɓun ciki, don kada ya motsa. Sannan ya shafe komai da yumɓu mai laushi kamar kwaɓin fanke, wanda zai shiga kowane layi ya ɗauki hotonsa, ya bi da yumɓu mai kauri, shafi bayan shafi, har abin ya koma dunƙulen ƙasa da ba ki ce akwai komai a ciki ba.

Bayan ya bushe sai a gasa shi a wuta. Kakin ya narke ya tsiyaye, ya bar gurbinsa fayau tsakanin yumɓun ciki da na waje. Cikin wannan gurbi ake ɗura narkakkiyar tagulla, tana ja kamar garwashi, ta bi duk inda kaki ya taɓa zama. In ta huce sai a fasa yumɓun, fuska ta bayyana, a yanke sandunan, a goge.

Kin ga ke nan babu gyara a wannan aiki. In wuta ta gaza, ko ƙarfe ya daskare a rabin hanya, ko yumɓu ya tsage, wahalar makonni ta tafi a banza, domin kakin ya riga ya narke, sai dai a koma farko. Kuma tun da sai an fasa kwanson kafin a fitar da abin, kowace fuska ita kaɗai ce a duniya, ba ta da ta biyu.

Akwai kuma abin da ya fi wannan. Tagulla gauraye ce, jan ƙarfe ne da tutiya, wani lokaci da dalma, kuma wannan gaurayen ne ke sa ta saurin narkewa da gudu a cikin kwanso. Jan ƙarfe zalla sai zafi ya kai digiri 1,085 yake narkewa, ga shan iska, ga saurin daskarewa, ga barin ramuka a jiki. Bambancinsu kamar na koko mai ruwa-ruwa ne da kunun da ya yi kauri, ki ce za ki ɗura su ta bakin gora. Girkawa da Rumawa da ake ta yabo, da gauraye suka yi nasu zubin. Amma wasu daga cikin kawunan Ife kusan jan ƙarfe ne zalla. Haka ma shahararriyar fuskar nan ta sawa da ake dangantawa da sarki Obalufon na biyu, wadda aka yi wa 'yan tsaga a ƙarƙashin ido don mai sanye da ita ya riƙa gani. Ita ba a ƙasa aka haƙo ta ba, a fada aka adana ta, sarki bayan sarki. Duk wannan da gawayi da zuga-zugi aka yi shi, babu lantarki, babu ma'aunin zafi, sai ido da sanin launin wuta.

SARKI DA MATARSA

Ga ɓurɓushin soyayyar da na yi muku alkawari. A 1957 wasu ma'aikata suka sake cin karo da kayan tagulla a wani wuri cikin garin da ake kira Ita Yemoo. A ciki akwai siffar mutum biyu a tsaye, namiji da mace, kowanne da kambinsa da duwatsun wuyansa, duka-duka ba su kai kamu ɗaya ba. Sun saƙala hannu cikin na juna, kuma ƙafar namijin ta harɗe ta macen. A zubi ɗaya aka yi su, ba yadda za a raba su sai an karya. Masana suna fassara shi da haɗin gidajen sarauta ta hanyar aure. 'Yar autar Baba kuwa cewa ta yi ita dai abin da ta gani shi ne shekara ɗaruruwa suna ƙarƙashin ƙasa bai sake ta ba, samarin yanzu kuwa ruwan sama kaɗai ya isa ya hana su zuwa zance. Muka yi ta dariya har Baba ya ce mu tashi rana na yi.

Kafin mu koma gida ya biya da mu Opa Oranmiyan, wani dogon dutse da aka sassaƙa aka kafa a tsaye, ya haura mita 5, an jera masa ƙusoshin baƙin ƙarfe a jiki. Yadda aka huda dutse mai tauri haka aka dasa ƙarfe a ciki shi ma abin a tsaya a duba ne. Ya kuma nuna mana ragowar daɓen da aka yi da fasassun tukwane, an jera su a gefe-gefe kamar kitso. Mutanen gari suna cewa wata sarauniya ce mai suna Luwoo, mace mai tsananin tsafta da ba ta son laka ta taɓa mata ƙafa, ta sa aka daɓe garin haka.

INA RUWANMU A CIKI?

Wata za ta ce, to wannan ai tarihin Yarabawa ne. Tsaya ki ji. Wannan ƙarfe mai yawa ba a Ife ake haƙo shi ba, fatake ne ke kawo shi. A 1353 matafiyin nan Ibn Battuta ya sauka Takedda, wadda masana ke cewa ita ce Azelik ta yankin Agadas a Jamhuriyar Nijar. Ya tarar ana narka jan ƙarfe ana yin sanduna, masu kauri da sirara, ana cefane da su kamar kuɗi, ana kuma kai su Gobir da Barno. A 1964 kuma wani masani Bafaranshe, Théodore Monod, ya gano kayan wani ayari da aka binne a hamadar Muritaniya, sandunan tagulla sama da 2,000. Ashe tun wancan zamani raƙuma na ratso Sahara da wannan kaya, kuma ƙasashenmu na kan hanya.

Kin tuna gadar Jebba? A ƙasa da ita kaɗan, a bakin Kwara, akwai wani ƙauyen Nufawa mai suna Tada. A can aka adana siffar wani mutum a zaune, ya naɗe ƙafa ɗaya, aikin jan ƙarfe kusan zalla, mai kama da aikin Ife, wanda aka ƙiyasta na ƙarshen ƙarni na 13 ne ko na 14. Nufawa suna danganta shi da Tsoede, wanda ya kafa daularsu. A da mutanen ƙauyen kan kai shi kogi su cuɗa shi da tsakuwa, har jikinsa ya side.

A ƙasar Hausa ma muna da namu. Kusa da Mani, kimanin kilomita 32 gabas da Katsina, akwai Durɓi ta Kusheyi, makwancin sarakunan farko na ƙasar. An tona wurin a 1907 zamanin Sarki Muhammadu Dikko, aka sake tonawa a 1992. An sami 'yan kunne na zinari, da mundaye, da duwatsun ado, da wata tasar tagulla irin ta ƙasashen Gabas ta Tsakiya. Kayan 1992 an kai su birnin Mainz na Jamus aka gyara, aka dawo da su a 2014. Na 1907 kuwa an rasa inda suka shiga.

To, nan ne gizo ke saƙar. Kayan tarihi ɓacewa suke yi in ba a sa ido ba. A 1897 sojojin Ingila suka kwashe dubban kayan tagulla daga fadar Benin. Sai a 2022 Jamus ta fara dawo da na hannunta, Holan kuma ta dawo da guda 119 a 2025. Shi kansa gidan tarihin Ife ɓarayi sun fasa shi a 1994. Muna jin haushin waɗannan, kuma ya kamata mu ji. Amma mu fa? Tasoshi nawa na kakanninmu muka miƙa wa 'yan gwangwan aka ɗora a sikeli, aka ba mu kuɗin da bai kai na turmin atamfa ba? Mundaye da warwaro nawa aka narkar don wai tsohon yayi ne? Maƙeranmu na farfaru ba fuskar mutum suka zuba ba, basirarsu a zanen tasa da munduwa da ƙarau da kayan doki suka zuba ta, kuma ba ta gaza ta kowa ba. Mun kwashe mun musanya da roba da tangaran ɗin da ke fashewa kafin amarya ta yi arba'in.

Shawarata gare ki, 'yar'uwa, in akwai tsohuwar tasa ko munduwa a ɗakin kakarki, ki zauna ki tambaye ta wa ya ƙera, daga wane gari aka kawo, a auren wa aka fara jera ta. Ki rubuta a littafi tun tana da rai. Ki goge ta da toka da lemon tsami, in za a yi miki jere ki ba ta wuri a sama. In an haƙo wani abu a gonarku ko wajen gini, kada a bari dillali ya rigaya, a sanar da mai unguwa da hukumar gidajen tarihi. Ku kuma ɗalibai ku roƙi malamanku su kai ku Gidan Makama a Kano, ko gidan tarihi na Kaduna ko na Jos. Wadda abin ya shiga ranta ta sani ana karanta ilimin tono kayan tarihi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, kuma ba a ce na maza ne kaɗai ba. In ba mu muka karanci kayanmu ba, wani ne zai zo daga nesa ya gaya mana wai ba namu ba ne.

Wadda kuma Allah ya kai ta Ife, bayan ta gama kallo kada ta dawo ba ta ɗanɗana ƙosan Osu ba, wani gari a kan hanyar Ilesha, wanda ake soyawa da manja. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.